Kili a Saman Benen Naziru

Dabo na dawowa daga gona da lauje a hannu ya ɗaga kai ya hango dokinsa tsaye a saman bene. Sai da ya murza ido. Kili ne kuwa, farin dokin nan nasa, ya leƙo da kai ta saman ƙarfen baranda yana kallon gonakin dawa sai ka ce shi ya gina gidan.

Benen na Naziru ne, ɗan ƙanwarsa Barira. Yaro ya tafi Dawanau yana harkar wake da riɗi, Allah ya buɗa masa, ya dawo ya dasa bene a tsakiyar ƙauye, irinsa na farko tun da aka kafa garin. Ga kuma aure ya zo, gobe za a kawo masa amarya daga Tsanyawa. Da sassafe Barira ta zo da kanta ta roƙi aron Kili, wai ango zai ɗan zaga gari da abokansa a ɗauki hoto. Dabo bai so ba ko kaɗan. Dokin nan a gabansa aka haife shi, ko sirdi ba ya yarda wani ya ɗaura masa, kuma a shekarar da damina ta yi gardama an rage tuwo a gidan Dabo amma ba a rage wa Kili dusa da kanwa ba. To amma ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya ta durƙusa a zaurenka, me za ka ce mata? Ya ce a zaga gari kawai, a dawo da shi kafin rana ta take.

Ashe zaga gari bai ishi samarin ba. Mai hoton da aka ɗauko ne ya ce ai da a sama ango ya hau dokin, duk wanda ya gani a waya sai ya tanka. Suka ja Kili, shi kuma ya bi su har sama, don hawa ba ya yi wa doki wuya. Aka yi hoto, aka yi tafi, ango ya gyara hula ya sake gyarawa. Da aka zo saukowa sai Kili ya kafe a bakin matakala, ya ce sam bai san zancen ba.

Dabo ya ratsa taron 'yan kallo ya hau sama. Shi kansa sai da ya dafa bango, don matakalar an shafe ta da tayil mai santsi, ga ƙunci, ga kwana a tsakiya. Ya tarar da Kili ya jiƙe sharkaf da gumi, cinyoyinsa na rawa, ya zubar da kashi a ƙofar ɗakin amarya. Da dokin ya ji muryarsa sai ya yi ƙaramar haniniya ya tura masa hanci a ƙirji.

Naziru ya matso cikin farar shadda yana murmushin neman sulhu. "Kawu, ai yadda ya hau haka zai sauko."

Nan fa Dabo ya buɗe masa wuta. Ya tambaye shi ko a Dawanau tare da wake ya sayar da hankalinsa. Ya ce doki in zai gangara ba ya ganin inda yake ajiye ƙafa, nauyinsa duka a ƙafafun gaba yake sauka, kuma kofato a kan tayil daidai yake da sabulu a kan dutsen wanki. Zamewa ɗaya ƙafa ta tafi, dokin da ya karye kuwa babu mai ɗori a duniyar nan da zai tashe shi, sai wuƙa. Ya zagi mai hoto, ya zagi abokan ango ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da wanda ya fara ƙirƙiro tayil.

Dattawan da suka taru a ƙasa suka ce hanya ɗaya ce, a cike matakalar da jar ƙasa, a daddaɓe ta ta zama gangare, sannan a sauko da shi a hankali. Naziru ya ɓata fuska, ya fara maganar tayil ɗinsa da aka kawo daga Kano. Kallo ɗaya Dabo ya yi masa ya haɗiye sauran.

Dabo ya ɗaure Kili a ginshiƙin baranda, ya sa aka kai masa ruwa da harawa. Ya ari amalanken shanu, maƙwabta suka ɗauko shebur da kwanduna za a tafi ramin ƙasa na bayan gari. Samarin nan dai bai yarda da ko ɗaya ba, don haka ya kira Barira ya zaunar da ita a matakin farko.

"Ke kika aro shi," ya ce. "Ko wa ya zo, kada a taɓa igiyar nan sai na dawo."

Ta ce wallahi ko ɗanta ne sai dai ya taka ta ya wuce.

Abin da ya faru a bayansa daga baya ya ji shi, kuma har yau in ya tuna ba ya iya cin abinci. Bai jima da tafiya ba 'yan jere suka iso daga Tsanyawa, mata cike da bas, ga a-kori-kura a baya ɗauke da gado da katifa da kujeru. Suka tarar da uwar ango zaune ta tare hanya, doki kuma a ƙofar ɗakin 'yarsu. Gwaggon amarya ta riƙe haɓa ta tambaya ko barga aka gina wa yarinyar ba a faɗa musu ba. Da ta ji za a zuba ƙasa a matakala sai ta ce a mayar da kaya mota. Mata suka hau salati da shewa, Barira ta ji kamar ta nutse don kunya. Sai ga Kamaruddeen, abokin ango, mai loda shanu a mota a kasuwar Kunci, yana cewa bijimai nawa ya sauke daga tirela, doki ɗaya ne zai gagare shi? Barira ta dubi surukai, ta dubi ɗanta, ta tashi ta matsa gefe.

Suka yi wa Kili yadda ake yi wa sa. Biyu na jan igiya ta gaba, Kamaruddeen na murɗa wutsiya ta baya. Wace irin dabba ce za a murɗe wa wutsiya a kan santsi ta tsaya lissafin taku? Kili ya zabura, ya zame, ya tafi da ƙirji har kwanar tsakiyar matakalar.

Da Dabo ya iso da amalanke cike da ƙasa, shirun da ya tarar ya gaya masa komai. Sun riga sun jawo dokin zuwa tsakar gida. Kili na kwance a gefensa, ƙafar dama ta gaba ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, yana ta yunƙurin tashi yana komawa. Matakala kuwa an share ta fes, har an fara hawa da katifa.

Dabo bai yi ihu ba, ihun ya ƙare masa tun da hantsi. Ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa. Naziru ya durƙusa daga nesa yana cewa a kira likitan dabbobi, in ma ta kama zai sayo masa wani wanda ya fi wannan. Dabo ko kallonsa bai yi ba, ya ce a kira masa Sha'aban mahauci, ya zo da wuƙa mai kaifi don kada a wahalar da dabba.

Barira ta rarrafo tana kuka. Ta ce, "Yaya, baƙi ne. Da kaya za su koma. Ya zan yi?" Ta miƙa hannu za ta shafa wuyan Kili.

"Cire hannunki," in ji Dabo. "Tashi ki je, baƙinki na jira."

Ta tsaya da hannun a miƙe, ta kasa taɓawa, ta kasa janyewa. Sha'aban ya shigo yana ta sallama ƙasa-ƙasa. Dabo ya cire hularsa ya rufe wa Kili ido da ita, ya sunkuya yana yi masa ɗan fiton da yake kiransa da shi in ya kawo dusa, har dokin ya daina yunƙuri ya lafa.