Neman Dawuda a Gahawoyin Makka

Sai da Mukhtaru ya kwana uku a Makka, kumburin ƙafarsa ya sauka, sannan ya tayar da maganar yayansa Dawuda. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna. Tare suka baro Kazaure a ƙasa, suka yi ƙodagon auduga a Sudan, har suka kai Sawakin, tsibirin da alhazai ke shiga jirgin ruwa. A nan zazzaɓi ya kwantar da Mukhtaru. Dawuda ya haye shi kaɗai, a kan cewa ƙanen zai biyo jirgi na gaba.

Da Mukhtaru ya warke, sai garin ya riƙe shi. Sawakin gari ne da ba wanda ke sauri a cikinsa. Da safe a fita kamun kifi, da rana a kwanta a inuwar tsofaffin benaye, da dare kuwa a zaga gahawa ukun da ke bakin ruwa, wato wuraren shan shayi da hira. Kowa ya san kowa. In ka tambayi mutum a gahawar farko, kafin ka kai ta biyu ya riga ka zama yana jiranka. Haka jirgi na gaba ya zama na baɗi, na baɗi ya zama na wata shekarar.

Saboda haka da ya ce wa mai masaukinsa na Makka, "Mu leƙa gahawa yau da dare, na ga yayana," da gaske yake nufi. Mai masaukin, Yunus, tela ne a unguwar Tandabawi, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ajiye almakashi ya dube shi.

"Wace gahawar, ya hajji?"

"Su nawa ne?"

Yunus ya yi dariya har da tari. "Tayyib. Bayan isha'i mu fita."

Ta farko a cikin Tandabawi take, ƙarƙashin rumfar buhu. Gadajen igiya masu dogayen ƙafafu a jere, fitila mai famfo tana huci a kan sanda, kowane mutum da 'yar butar shayinsa. Mukhtaru ya hau gado da ƙyar, ƙafafunsa suna lilo. Mai gahawar, wani Basakkwace mai suna Wada, ya saurari kwatancen: dogo, siriri, da wushirya.

"Dawuda dai? Ai mai tsire ne. Ku bi hanyar Jarwal, hayaƙinsa zai tare ku."

Murna ta kama Mukhtaru. Bai ko shanye shayin ba ya diro.

Hayaƙin kuwa ya tare su. Amma mutumin da ke juya tsire gajere ne kakkaura, da zanen Damagaram a fuska. Kafin Mukhtaru ya ja da baya, Yunus ya riga ya ce, "Ga ƙanenka daga ƙasar Hausa." Mai tsiren ya yar da mafici, ya rungume Mukhtaru yana kuka, yana tambayar lafiyar wata Inna Fatsuma. Mukhtaru ya rasa yadda zai yi, ya ce tana lafiya. Sai da mutumin ya ja shi gaban wuta ya ƙare masa kallo, sannan ya sake shi a hankali.

"Kai ba Awwalu ba ne."

"Ba ni ba ne."

"To ina ka san Inna Fatsuma?"

Duk da haka ya naɗe musu tsire a takarda, ya ce su je gahawar masu rakuma, akwai tsofaffi a can da ba wanda ya shige musu duhu.

A gahawar masu rakuma wani makaho ne ke zaune a tsakiya yana ba da labarin yaƙi da Larabci, jama'a na amsawa da ihu. Mukhtaru ya ɗauka faɗa ake yi, ya fara neman hanyar fita, Yunus ya riƙo hannun rigarsa. Aka kawo musu subiya, wani farin abin sha mai sanyi, a kwano. Can gefe suka sami wasu dattawa biyu 'yan Takari, kamar yadda ake kiran mutanenmu a can, suna jan shisha ɗaya.

"Dawuda Bakazaure?" in ji na farko. "Allah ya jiƙansa. Shekarar ambaliya ruwa ya tafi da shi."

Mukhtaru ya ajiye kwanon. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kai, daina kashe mutane da ransu," in ji na biyu. "Wanda ruwa ya ci Babarbare ne. Bakazauren Madina ya koma."

"Ni na ɗauki makararsa!"

"Makarar Babarbaren ka ɗauka!"

Suka kama musu, daga Hausa suka koma Larabci, suka manta da mai tambaya sam. Mukhtaru yana zaune da hawaye a ido, bai san ko ya bar su su zubo ko ya mayar da su ba. Ya juya wurin Yunus.

"Yanzu ya rasu ne ko bai rasu ba?"

"Wallahi ma adri, ban sani ba. Yalla, tashi."

Daga nan Mukhtaru ya daina ƙirga gahawoyin. Wata a gindin dutse, wata a bayan kasuwar itace, wata kusa da fili inda ƙarti ke rawar sanda kewaye da wuta, ganga na tashi. A wata aka ce Dawuda ladani ne, a wata aka ce ya auri 'yar ƙabilar Bajawa ta Sudan ya bi ta ƙasarsu. Cikinsa ya cika da shayi har yana jin motsinsa in yana tafiya. A Sawakin iskar teku ke nuna masa gabas ko da idonsa a rufe. Nan kuwa ba iska, duwatsu ne baƙaƙe ta kowane gefe suna amayar da zafin rana, kowane lungu kamar wanda suka baro.

"Saura ɗaya," in ji Yunus, shi ma ya fara jan ƙafa. "Inda motocin Jidda ke kwana. Akwai wani direba, ana ce masa Abu Asiya, wato uban Asiya. Duk Bahaushen da ke tsakanin nan da teku ya taɓa ɗaukarsa."

A ƙarshen Jarwal suka same shi, wani ƙaton mutum mai tumbi, kwance a gadon igiya, ya rufe fuska da rawani. Yunus ya taɓa ƙafarsa. Ya tashi yana gunaguni da Larabci, bakinsa ba haƙoran gaba.

"Wani Dawuda muke nema, mutumin Kazaure."

Direban ya daina hamma. "Wa ke nemansa?"

"Ƙanensa," in ji Mukhtaru.

"Ƙarya ne. Ƙanensa ya rasu a Sawakin shekara goma da suka wuce."

"Ban rasu ba."

"Wanda ya yi masa salla ne ya gaya mini da bakinsa."

Mukhtaru ya tsaya yana tunani, har ya fara shakkar kansa. Can ya tuna. "Mukhtaru mai gishiri ke nan. Mutumin Katsina. Ni ma na je jana'izar."

Direban ya sauko daga gadon, ya ciro fitila daga kan sanda, ya haska fuskar Mukhtaru. Ya daɗe yana kallo. Mukhtaru ma yana kallonsa, yana neman dogon saurayin da ya raka bakin jirgi, bai gan shi ba.

"Wa ya faɗa rijiyar Malam Tijjani?" in ji direban, muryarsa ta canja.

"Kai. Ni na yi kururuwa aka zo aka ciro ka, kuma ni Baba ya daka."

Direban ya miƙa wa mai gahawa fitilar. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya kama ƙafar Mukhtaru da hannu biyu yana matsawa, kamar yana so ya tabbatar akwai ƙashi a ciki.

"Yaya," in ji Mukhtaru, "ina wushiryarka?"

"Ƙarfen tayar da mota ya kwashe ta, har da maƙwabtanta."

Yunus ya riƙe haɓa. "Ya Abu Asiya, shekara tara ina ɗinka maka riga, ban taɓa jin sunanka Dawuda ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Aka kawo wani shayin, ba wanda ya iya sha. Dawuda ya share fuska da rawani, ya ce, "Ni yanzu abin da ya ɗaure mini kai, na yi maka aikin hajji tun shekarar da na ji labarin. Na yi sadakar uku, na yi ta arba'in. Na aika gida da wasiƙa. Shekara goma kullum sai na sa ka a addu'ar mamata."

"To hajjin nawa ya yi, ko sai na sake?"

Suka dubi Yunus. Yunus ya ɗaga hannuwa ya ce shi tela ne, gobe su tambayi malamai a Harami.

Dawuda ya tayar da motarsa, ya sauke Yunus a Tandabawi, ya wuce da ƙanensa wani gida na duwatsu a kan tudu. Ya ƙwanƙwasa. Matarsa Baraka ta buɗe ƙofar kaɗan, da fitila a hannu.

"Kai da wa?"

"Mukhtaru ne."

"Mukhtaru yana ciki yana barci."

Dawuda ya waiwayo. "Ɗana ke nan, sunanka na sa masa." Ya koma wurin matar. "Ba shi ba. Marigayin."

Baraka ta ɗaga fitila, ta dubi baƙon daga sama har ƙasa, ta maida ƙofa ta sa sakata. Suna jin ta a ciki tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Dawuda ya zauna a dokin ƙofa, ya matsa wa ƙanensa wuri. Ya kafa baki a jikin katakon, ya fara yi mata bayani tun daga Kazaure.