Motar Kara Mai Taya Uku

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Baba Tsoho karo na biyu, ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, kuma bai sunkuya ya ɗauka ba. Sabitu ya bi ta da kallo. Wata da watanni yana zama a bakin ɗakin nan na ƙarƙashin matakala, bai taɓa ganin dattijon ya bar wuƙarsa a ƙasa ba. Ya ji a jikinsa wani abu na tafe, irin jin da mutum kan yi in hadari ya haɗo alhali shanyarsa na waje.

"Kaka, ka yar da wuƙarka," in ji wata 'yar murya daga cikin wayar da Sabitu ke riƙe da ita.

"Ba yarwa na yi ba, amarya. Hutu na ba ta."

"Kai dai tsufa ne."

Mubina ce, 'yar Sabitu, daga can Malumfashi. Tana goye ya baro gida ya zo Makka aikin gyaran famfo a wani masaukin alhazai a Aziziyya. Yanzu har ta shiga firamare, kuma sau ɗaya tak ya samu komawa hutu. A zuwan nan ma, da ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta tsala ihu ta shige bayan uwarta. Tun daga ranar ta raɗa masa suna "mai waya". Duk Juma'a bayan la'asar, da yake ba ya aiki, sai ya yi kiran bidiyo gida. Matarsa Ummulkhairi ta yi ta lallashi a zo a gaida Abba, yarinya ta leƙo da ido ɗaya, ta ce ina wuni, ta ruga. Ya aika riguna, ya aika dabino, ya aika 'yar tsana mai rufe ido in an kwantar da ita. An ce masa ta gode. Shi dai bai ji daga bakinta ba. Yakan kwanta a ɗakinsa a unguwar Utaibiyya, fanka na kaɗa masa iska mai zafi, yana hango ranar da zai koma gaba ɗaya ya tarar da budurwa tana gaishe shi kamar baƙon maƙwabta.

Baba Tsoho kuwa a ƙasa aka zo da shi yana ɗan yaro, shi da iyayensa da wansa, suna tafe suna yada zango suna noma, har suka tsallako teku. Bai sake ganin ƙasar Hausa ba. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai ɗan ƙanwarsa Bandar, wanda ya gaji gidan, ya bar masa ɗakin ƙarƙashin matakala, a gidan da Sabitu ke haya a sama. Abin da ya rage masa na gida shi ne karan dawa. A Makka ba a nomanta, sai in ya ji wani zai je kasuwar dabbobi ya roƙe shi ya tsinto masa kara cikin abincin tumakin da ake kawowa daga kudu. Ya fere ɓawon siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya soke wannan da wancan, kafin ka ankara ga babbar mota da ƙofa da fitila, har da wurin tsayuwar yaron mota. Yaran layin sukan tsaya su kalla, su yi 'yar magana da Larabci, su koma kan wayoyinsu. Motocin na nan jere a taga, ƙura na cin su.

Wata Juma'a ce kira ya ƙi shiga a ɗakin Sabitu, ya sauko bakin ƙofa yana ɗaga waya sama. Dattijon na zaune a bayansa da aikinsa. Mubina ta leƙo za ta yi gaisuwarta ta gudu, sai ta tsaya cak, ta tambaya mene ne wancan a hannun tsohon. Sabitu bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a gabansa ba. Da rawar jiki ya juya kyamarar wayar ta baya, ya saita ta kan dattijon.

Ran nan ba ta tashi ba sai da aka kira magariba a Makka. Ta tambayi Baba Tsoho wa ya koya masa. Ya ce wansa Maman, a wata gonar auduga a Sudan, lokacin da uwarsu ke kwance ba lafiya, aka rasa abin da za a rufe masa baki da shi. Ta ce to shi Maman wa ya koya masa? Ya ce wannan kuma sai wata Juma'a, amarya ba ta cinye tukunya rana ɗaya.

Haka abin ya ɗore. Kowace Juma'a mota ɗaya ko rabin mota, labari kuma ya ja baya da mutum ɗaya. Maman ya koya wurin wani kawunsu mai ɗingishi. Kawun ya koya wurin wani mai tsaron awo a kasuwar gyaɗa. Kafin mota ta shigo ƙasar, in ji Baba Tsoho, doki da raƙumi yara ke yi da kara, sai tabarau na ƙarya. Ranar da babbar mota ta fara zuwa ɗaukar gyaɗa ƙauyen uwarsu, can wajen Kazaure, maza suka watse, awaki suka tsinke igiya, sai wata yarinya mai tallar fura ta ƙi gudu. Ta zagaya motar, ta leƙa ƙarƙashinta, ta koma gida ta warware dokin karan ƙanenta ta yi masa taya. Ita ce ta fara. Duk motar karan da ke duniya jikarta ce.

Sabitu bai san ko gaskiya ne ba, bai kuma damu ba. Da yake kyamarar baya ce ke kallon dattijon, fuskar Mubina ce ke cika masa gilashin wayar. Ya ga ranar da haƙorinta na gaba ya faɗi. Ya gane tana cije leɓe in tana tunani, kamar mahaifiyarsa. Ba da shi take magana ba, amma tana nan, kuma shi ke riƙe da ita. Sau da yawa dattijon kan ce masa, "Ɗan nan, jingina wayar da bango ka kama kara." Sai ya ce to Baba, sai wani satin.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunsa. Don nuna godiya, kullum yakan sauko da shayi mai na'a-na'a a ɗan kofin gilashi, kullum kuma sai ya kwashe kofin da fiye da rabi, ya huce, har da 'yan tarkace a ciki. Ya rage sukari, ya ƙara sukari, ya sauya ganye, duk ɗaya. Ya sa a ransa dattijon ba ya son shayinsa, kara ce kawai yake yi masa.

To, ran da wuƙar ta faɗi, labari ya zo kan sunan yarinyar.

"Yau ka ce za ka faɗi sunanta," in ji Mubina.

"Na ce? To duba nan, taya nawa kika gani?"

"Uku."

"Mota ba ta tashi da taya uku. Juma'a in an sa ta huɗu, sai suna."

Ta ce wayo ne, ya ce gado ya yi. Sabitu ya yi dariya tare da su, amma idonsa na kan wuƙar.

Washegari dattijon bai fito bakin ƙofa ba. Bandar ya kai shi asibiti, aka so a riƙe shi, ya ce shi ba zai kwana inda ba a jin motsin mutane a matakala ba. Aka dawo da shi da ledar magani. Sabitu kan biyo in ya taso aiki, ya same shi kwance a kan katifa, ya rame kamar an zare masa wani abu daga ciki, motar mai taya uku na gefen matashinsa. Ya gyara masa fanka, ya ba shi ruwa, ya zauna yana murza hula a hannu. Kunya yake ji, domin ya san ba ciwon dattijon kaɗai ke hana shi sukuni ba. Ran Talata ya kasa daurewa.

"Baba, da ka faɗa mini sunan nan na ajiye. Ko don halin rai."

Dattijon ya buɗe ido ya dube shi, har da ɗan murmushi. "In na ba ka, a kira ɗaya za ka zazzage mata shi. Sannan ka ce mata me?"

Sabitu ya ci gaba da murza hularsa.

"Tsoron 'yarka kake yi kamar ita ce kafilinka, ubangidan da ke riƙe da takardunka. Je ka, ɗan nan, ka huta. Juma'a ba ta yi nisa ba."

Laraba da hantsi yana durƙushe a wani banɗaki a Aziziyya, hannunsa cikin bututu, wayarsa na aljihun rigar da ya rataye a waje. Ko da ya ga kiran Bandar, dattijon ya cika, har an yi masa wanka an nufi Harami. Ya samu sallar azahar daga can waje, kan dutse mai ƙona ƙafa. Da aka yi shelar sallar gawa ya ɗaga hannu tare da dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan Baba Tsoho ba. Gawawwaki da yawa aka sallata tare, bai ko hango su ba. Kafin ya samu motar zuwa maƙabartar Shara'i an riga an rufe. Ya tarar da fili shimfiɗe, dutse nan dutse can, ba suna a kan ko ɗaya.

Ran Alhamis Bandar ya zo kwashe ɗakin. Mutum ne mai kirki, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce Sabitu ya ɗauki abin da yake so, sauran khalas, shi ke nan, za a zubar. Sabitu ya ɗauki wuƙar, da ɗaurin kara, da motar mai taya uku. Sannan ya tambaye shi ko Kawunsa ya taɓa gaya masa sunan yarinyar nan mai tallar fura.

Bandar ya tsaya da tsintsiya a hannu. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wallahi shi ma yana ƙarami an yi masa labarin nan, lokacin da babansa ya yi tafiya ya daɗe. Kullum sai a ce sai Juma'a. Har ya girma ya daina zuwa, ba a kai ga sunan ba.

Juma'a ta zo. Bayan la'asar Sabitu ya tsinci kansa a bakin ɗakin ƙarƙashin matakala da kofin shayi a hannu, sai da ya ga kwaɗo a ƙofar ya tuna ba mai sha. Ya zauna a inda dattijon ke zama, ya ajiye kofin, ya daɗe yana kallon wayar kafin ya danna. Ummulkhairi ta yi masa gaisuwar rashi, ta ce ta riga ta gaya wa yarinyar. Can sai fuskar Mubina ta shigo, rabi a bayan mayafin uwarta.

"Da gaske Kaka ya mutu?"

"Allah ya yi masa rasuwa. Ki yi masa addu'a."

"Bai faɗi sunan ba."

"Bai faɗa ba."

Ya ga idonta ya fara komawa gefe, wajen ƙofar tsakar gida inda ake jin yara na wasa, ya san saura kaɗan ta zame. Bai san lokacin da ya jingina wayar da bango ba. Ya jawo motar gabansa, ya zaro kara, ya fere ɓawo kamar yadda yake zaton ana yi. Ya lanƙwasa shi zai yi da'irar taya, ya karye ƙas. Ya fere wani, ya karye. Na ukun ya yanke shi a yatsa. Wata da watanni ana abin nan a gabansa, ashe ko sau ɗaya bai kalli hannun dattijon ba. Ya ƙi ɗaga kai, don kada ya ga gilashin wayar ba kowa.

"Abba, ba haka ake yi ba."

Ya ɗago. Ta fito daga bayan mayafin, ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar.

"Ina shayin? A ciki Kaka yake tsomawa. Sai ya jiƙa ya yi laushi, sannan ya lanƙwasa."

Sabitu ya dubi ɗan kofin da ke gefen ƙafarsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya fere wani ɓawon ya tsoma. Ta ce ya jira, bai yi ba tukun. Ya jira. Ta ce yanzu. Ya ciro ya lanƙwasa a hankali, ɓawon ya bi hannunsa kamar igiya. Ta nuna masa inda ake soke bakin biyu cikin totuwa, ta ce ya yi gajere, ya sake. Da aka gama, tayar ta fi sauran ukun girma, ta kuma karkace. Ya tura motar a kan siminti, ta tafi tana ɗingishi har ta bugi bango.

Mubina ta ƙyalƙyale da dariya, gurbin haƙorinta a waje. Ta ce irin ta kawun nan ce mai ɗingishi. Ta ce kuma in an tambaye shi wa ya koya masa, ya ce ita ce. Sai wata yarinya ta kira ta daga waje, ta tashi ta ruga ba sallama.

Sabitu ya zauna har inuwar gidan ta rufe layin. Ya tattara ɓawon da ya karye, ya ɗora motar a tagar da babu kowa a bayanta, ya kwashi sauran karan ya hau da shi ɗakinsa. Shayin ya huce, 'yan zaren kara na yawo a samansa. Ko yarinyar mai tallar fura tana da suna, ko dattijon ya tafi da shi ne, ko dama can babu, Sabitu bai sani ba. Bai kuma san ko Mubina za ta zauna Juma'a mai zuwa ba.