Ƙarar Motar Marjolaine

Ƙanwata Marjolaine ta rasu da bazara, ta bar mini motarta. 'Yar ƙarama ce ja, mai ƙofa a baya, amma injinta ya fi ƙarfin jikinta. Da ka ɗaga ƙafa daga totur sai salansa ta hau tas-tas kamar ana soya gugguru. Duk garinmu, Shawinigan, an san ƙarar nan. Ni a gidan wanki na ƙare ƙuruciyata, ban taɓa gudu da mota ba, amma na karɓa ina lallaɓawa, duk da kulocin yana wahalar da gwiwata.

Da sanyi ya fara shigowa sai Dany ya kira ni. Shi ya sayar mata da motar, kuma ajinsu ɗaya tun firamare.

"Huguette, sabon samfurin motarku ya iso. Marjolaine ta ce in ta zo in kira ta. To, ke kika rage mini."

Na je na gani. Irin tamu ce sak, sai dai an sirance fitilunta kamar mai harara.

"Wannan ai tamu ce aka ja wa gira," na ce.

"Haba Madam! Shiga tukuna. Giya da kanta take canzawa, sitiyari har ɗumi yake yi. Taki kuwa gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ya fara cin ƙasanta, ki bar ta nan ki huta."

Gaskiya ya faɗa, kuma da na zauna na ji daɗi. Abu ɗaya ya hana ni cewa to. Mahaifiyarmu tana gidan tsofaffi, idonta ya yi rauni, da ƙarar motar nan take sanin an zo mata. Tana ji sai ta ƙwanƙwasa gilashin tagarta da zobe. Na ce wa Dany mu gwada sabuwar, mu bi ta can.

A hanya sabuwar ta yi ta gurnani har cikin ƙirjina, gwiwata kuma tana hutawa abinta. Na faka a ƙarƙashin tagar. Ga Mama zaune, kanta a sunkuye. Na taka totur, na sake takawa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Dany, kunnenta ne ya tafi?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya rabin gurnanin nan daga sifika yake fitowa. Don na cikin motar aka yi shi."

"Au, ashe motar ƙarya take yi?"

"Kwalliya dai, Madam, kwalliya."

Muka shiga. Mama ta ɗago kai da ta ji muryata.

"Da ƙafa kika zo yau? Ina motar?"

Na daɗe ina zargin Marjolaine take tsammani duk sanda ta ƙwanƙwasa gilashin nan, ban dai taɓa iya tambaya ba. Na riƙe hannunta.

"Mama, kin tuna dai Marjolaine..."

"Ke, ni na zaɓi rigar da aka binne ta da ita. Tun daga kwanar coci nake gane ke ce. Kina sa giya kamar mai tsoron ta cije ki."

Dany ya fashe da dariya. Ta juya wajensa.

"Wane ne wannan? Ɗan gidan Gauvreau mai ɗigo-ɗigo kamar kashin awaki a hanci? Har yanzu kana damfarar mutane?"

"Ina ƙoƙari dai, Mama."

Ta koma kaina, muryarta ta yi ƙasa. "Daga kwanar cocin zuwa ki faka, ina jin kamar ku biyu ne a ciki. Ba na neman fiye da haka."

Muka koma wurin Dany. Na miƙa masa makulli, na ce motarsa ta yi kyau, kuma har zuciyata nake faɗa. Bai ja ni da ciniki ba. Ya ce in kai tsohuwar wurin surukinsa a fesa mata mai a ƙasa don hana tsatsa kafin ƙanƙara ta sauka, in kuma sayi abin ɗaure gwiwa a kemis.

Na yi duka biyun. Har yanzu gwiwar tana ciwo in na taka kuloci, amma ciwon da zan iya zama da shi ne.