Bunsurun da Na Kai Bunguɗu

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna aiki tare da Hajiya Bara'atu a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Bunguɗu. Ni Rahila daga Sabon Garin Gusau nake shiga motar haya kullum, ita kuwa gidanta na bayan asibitin. Dukanmu aikin karɓar haihuwa muke yi. A kwano ɗaya muke cin abincin rana. Ta san rigimar kowane ɗana, na san ciwon gwiwarta tun ranar da ya fara.

Sai ga Nayomi, an turo mana ita daga wajen Tsafe cikin daminar 1998. Kirista ce kamar ni, doguwa, marar magana, irin mutanen da sai ka tambaye su sau biyu kafin su faɗi sunansu. Na yi murna da farko, na ce na sami wadda za ta kama mini aikin Ubangiji. Don ni ban taɓa ɓoye bangaskiyata a wurin aiki ba. Kalanda mai ayoyi tana rataye a kan teburina, ina wanke almakashi ina rera waƙar sujada, kuma ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Nayomi ko ƙaramin Littafi Mai Tsarki ban taɓa gani a jakarta ba. Na ce mata, "Ke kam kunyar Yesu kike ji?" Ta yi murmushi ta ci gaba da naɗe bandeji.

To, wannan marar bakin ce ta kwashe mini mutane. Ranar Juma'a ita ke cewa mai gadi ya tafi masallaci, za ta kula da ƙofa. Matan Fulani da ke zuwa awo daga rugage suka koma tambayar "doguwar nan". Da azumi ya kama ana saura kwana biyar Kirsimeti, ta daina ko shan ruwa a gaban masu azumi, ta karɓi aikin yamma duka don su je su dafa abin buɗa baki. Ni ma ina iya yin haka, kawai kafin tunanin ya zo mini ta riga ta yi.

Abin da ya ƙone mini rai ya faru ne a ɗakin magani. Ina bayan ƙofa ina ƙirga allurai, na ji Bara'atu ta rage murya tana cewa, "Nayomi, ɗiyata Husna ta shiga watanta, kuma haihuwar fari ce. Ki sa ta cikin addu'arki."

Na tsaya da kwalba a hannu. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa matar nan cewa ina yi mata addu'a, tana cewa "Na gode, Sista," amma ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni ba. Yarinyar da ta zo jiya ita aka roƙa. Kishi ne ya kama ni, ba wani suna zan ba shi ba. Na koma Gusau ranar ina jin kamar an ɗauke mini kujera a ɗakina.

Abu ɗaya ya rage mini wanda Nayomi ba ta da shi, shi ne abincin Kirsimeti. Duk shekara nakan kai wa Bara'atu, tunda su Musulmi ke riƙe mana aiki ranar, mu kuma mu riƙe musu da Sallah. Ka'idar kuwa kowa a Sabon Gari ya san ta: in kana so maƙwabcinka Musulmi ya ci namanka, Musulmi za ka kira ya yanka. Mu Malam Adamu mahauci ke yanka mana tun da muka tare a unguwar. Kaji biyu na saba yi, amma bana na matsa wa mijina, Baban Iliya, sai da ya sayo bunsuru guda daga Magami. Na ce zan sauke kula uku a gaban Bara'atu daidai lokacin shan ruwa, mu ga abin da doguwar za ta kawo.

Kirsimeti ta faɗo ranar Juma'a. Muka fito daga sujada, na dawo gida da sauri, sai na tarar da bunsuru a rataye, an riga an feɗe.

Na ce, "Malam Adamu ya zo ke nan?"

Baban Iliya yana wanke wuƙa ya ce, "Ina fa. Gidaje sun yi masa yawa, daga nan kuma ya wuce masallaci. Na ga rana tana yi, na yanka da kaina."

Na zauna a kan turmi. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce shi ma da sunan Allah ya yanka, in kuma abin ya dame ni in bar naman a gida in kai shinkafa da mai. Shinkafa da mai, ranar da nake so in nuna wa Nayomi iyakarta? Na tashi na hura wuta. Na yi dafa-duka da romon, na soya naman ya yi ja, na yi farfesun kayan ciki. Ina juyawa ina gaya wa kaina, wa zai sani? Ai nama ba ya magana.

Na isa Bunguɗu rana ta yi ƙasa. Nayomi tana can, ta zo bayan coci wai don Hajiya ta ɗan miƙe ƙafa. Na dubi abin da ta ajiye a kan tabarmar baranda: kunun tsamiya a jug, ƙosai a leda, da dabino bai fi goma ba. Sai da na danne dariya. Na jera kulolina uku na buɗe, ƙamshi ya cika wurin, har mai gadi ya matso.

Aka kira salla. Bara'atu ta ci dabino, ta kurɓi ruwa, ta yi magariba ta dawo ta zauna tana tausa gwiwa. Ta jawo kular naman gabanta. Zuciyata ta yi fari ƙal, don ko kallon ƙosan ba ta yi ba.

Mai gadi ya ɗan yi jim, ya ce, "Hajiya, halan an tambaya wa ya yanka?"

Bara'atu ta harare shi. "Tambayar mi? Abincin Rahila ne. Duk garin ga, ita kaɗai nake cin namanta ban tambaya ba. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ba ni abin da ta san ba ni ci."

Ta ɗauki tsoka, ta yi bisimilla.

Ban san lokacin da na kama wuyan hannunta ba. Naman ya faɗi a kan tabarma.

Na ce, "Hajiya, kada ki ci. Baban Iliya ne ya yanka. Na sani tun da rana, kuma na dafa na kawo."

"Shinkafar fa?"

"Da romon na dafa."

Mai gadi ya koma bakin ƙofa. Bara'atu ta daɗe tana kallona, ni kuwa ina kallon tabarma, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba ko a gaban fasto. Ta ce, "Mi ya kai ki?"

Na ce, "Kin ce wa Nayomi ta yi wa Husna addu'a. Ni ba ki taɓa ce mini ba."

Ta girgiza kai. "Ke da kullum kike gaya mini kina yi, mi zan roƙa? Ita ce ban sani ba ko tana yi." Ta wanke hannunta, ta rufe kulolin ɗaya bayan ɗaya, ta tura su gefe. "Baɗi kuma zan tambaya, Rahila. Kada ki ji haushi."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Abin da nake da shi wanda Nayomi ba ta da shi, ashe ba abincin ba ne, kuma da hannuna na zubar.

Nayomi ta matso da ledar ƙosai tsakiya. Bara'atu ta ɗauki ɗaya ta raba biyu, ta miƙo mini rabi kamar yadda muka saba. Na karɓa na ci ina hawaye. Ƙosan ya yi daɗi, yarinyar ta iya suya, kuma har yau ban yafe mata wannan ba.