Kabewar Barsu

"Ɗauke kofin nan, Huseina. In bai ci ba, ni ma ba na ci."

Baba Dabo ke nan, maƙwabcina, kwance a kan tabarma a zaurensa, murya duk ta dushe. Na kawo masa kunun tsamiya, surukarsa Luba ta tallafo kansa, ya kau da fuska. Wanda yake magana a kai yana can bakin ƙofa: Barsu, karen da ke tsare masa lambu a fadama, ya miƙe ƙafafu, haƙarƙari duk a waje, ƙudaje na binsa.

Na ce, "Haba Baba! Kai da kare kuke gasar azumi?"

Taurin kan Baba Dabo kuwa duk ƙauyenmu ba wanda bai ɗanɗana ba.

Shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba, muka koma cusa kwaɗon rama da zogale. Cikin wannan hali ciwo ya kwantar da tsohon. An kai shi asibitin Makoda, likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a, kowa ya gane abin da ake nufi. Ban sa rai zai tashi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin nan ya tafi da yunwa da ɓacin rai, mu kuwa muna zaune kewaye da shi.

Ɓarnar da aka yi wa karen kuma tausayi ne ya jawo ta. Mata sun ga karen ba mai kula da shi, sai kowace ta kankaro ƙanzo, ta haɗa da suɗin miya ta watsa masa, ga barkono ga albasa. Mu ai haka muka san kare, abin da ya rage a tukunya shi ne rabonsa. Barsu kuwa ciki gare shi irin na 'ya'yan masu hali. Zawo da amai suka kama shi har ya daina ɗaga kai.

Na tambayi Luba, "Wai me yake ba shi a lambu?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Ni ko kusa da shi ba na zuwa."

Na durƙusa daidai kunnen tsohon. "To faɗa mini abincin sarkin naka."

Ya buɗe ido. "Kabewa. Ki cire 'ya'yan, ki dafa da ruwa zalla. Ba gishiri, ba mai. Dankali ma yana karɓarsa." Ya tsaya ya numfasa. "Albasa kuwa guba ce a wurinsa. Kuma kaɗan-kaɗan, kar ki cika masa."

Kabewa! Guda ɗaya tak gare ni, a ƙarƙashin gado, ina ta lallaɓa ta don miyar taushe ranar da jikokina za su zo. Na koma gida na jawo ta ina mita. Ni Huseina, da ban taɓa barin kare ya shinshini zanena ba, yau da furfurata ni ce mai yi masa girki. Haushi ya kama ni sosai, amma na sa wuƙa. Na dafa ɓari guda har ya yi lugub, na murƙushe da ludayi, na bari ya huce, na juye a fasasshen kasko.

Da sanda na tura masa kaskon. Barsu ko motsi bai yi ba. Muka yi ta jira har inuwar darbejiya ta bar ƙofar.

"Ya ci?" in ji tsohon.

Na so in ce e. Amma ba a yi wa mai shirin tafiya ƙarya. "Bai ci ba, Baba."

"Ku juyo ni in gan shi."

Ni da Luba muka ja tabarmar har bakin zaure. Ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya yi fito, siriri, irin wanda yake yi in birai sun shigo lambu. Kunnen karen ya motsa. Ya ja ciki, ya kai hanci bakin kaskon, ya daɗe yana shinshina. Sannan muka ji lasa.

Luba ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna daɓas.

"Ina kunun nan?" in ji tsohon.

Na ce, "Ya huce, bari in ɗumama."

"Kawo haka."

Ya sha a hankali har ya ga gindin kofin. Ya goge baki da bayan hannu, ya dube ni. "Huseina, amana."

"Na ji. Amma fa ba zai taka mini ɗaki ba."

Ya yi dariya, har da tari.

Washegari bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, cikinsa ɗauke da kunun safe. Na yi kuka, amma zuciyata sakayau take. Allah ya jiƙan Baba Dabo.

Da maza suka ɗauki makara, Barsu ya miƙe da ƙafafunsa yana tangaɗi, ya bi su a baya can nesa, ta hanyar da ta ratsa gonaki. Ba wanda ya kore shi. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na shiga gida na hura wuta, na ɗora sauran kabewar.