Fuskar Lamont a Tallan Zaɓen Alƙalai

Lamont Akers yana cikin ɗaure tayar wata akori-kura sai ya ji gareji ya yi tsit. Kowa ya zuba wa talabijin ɗin bango ido. Fuskarsa ce ta cika shi, hoton da 'yan sanda suka ɗauka shekara uku da suka wuce, ido jawur, gemu buzu-buzu.

"Alƙaliya Haskett ce ta saki wannan ɓarawo," in ji muryar talla. "Gidan wa zai fasa gobe? Ku zaɓi Dorn ranar Talata."

"Kai, Lamont, ka shiga fim ba ka gaya mana ba!" in ji wani bakanike. Babu wanda ya yi dariya.

Gaskiya ne, ya taɓa fasa shago. A lokacin Haskett ta dube shi da kyau, ta ce ba za ta binne mutum da ransa a kan kwalin sigari ba, ta yi masa ɗaurin talala na shekara huɗu. Tun daga nan bai sake taka doka ba sai sau ɗaya, a watan Yuni, da ya bar jiharsu ya tsallaka gada zuwa jihar Kentucky ya kai uwarsa asibiti ba tare da izini ba. Jami'in da ke sa masa ido ya ce ba komai, zaman minti biyar ne a kotu a cika takarda. Zaman ya faɗo yau da ƙarfe biyu.

A barandar kotu matarsa Odessa ta tare lauyansu, Mista Bellamy.

"Ka ce a ɗaga zuwa bayan zaɓe mana!"

"Na roƙa, Misis Akers, an ƙi. Masu kuɗi sun tsaya wa Dorn, mai neman kujerar Haskett. Tallan nan sai an sa shi sau arba'in kafin rana ta faɗi."

Irin wannan zama ko ƙuda ba ya halarta, amma yau ga 'yan jarida biyu a bencin baya. Haskett ta shigo da takarda a hannu, an riga an buga ta tun kafin a ji bakin kowa. Iya ruwa fid da kai. Ta karanta ba tare da ta ɗaga ido ba: wata goma sha takwas a gidan yari.

"Ranki ya daɗe, uwata ce fa," in ji Lamont. "Kin san ni."

"Kotu ta gama magana, Mista Akers."

Wani ɗan sanda ya nufo Lamont. Ana sa masa ankwa Bellamy ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Bayan zaɓe zan nemi a sake ka da wuri. In tana kan kujera, za ta iya sa hannu. In Dorn ne, ka manta."

Odessa ta riƙe katakon benci ta ɗaga murya.

"Allah ya kayar da ita! Ko ƙuri'a ɗaya kada ta samu!"

Ɗan sandan ya ja mijinta zuwa ƙofar gefe. Lamont ya turje, ya waiwayo.

"Odessa, ranar Talata ki fita da wuri ki zaɓe ta. Ki bi 'yan cocinmu gida-gida, ki ce ni na roƙe su."