Ƙwas-ƙwas a Gaban Motar Di'o

Halliru ya dafa hancin motar da hannu biyu, ya danna da iya ƙarfinsa, ya saki. Ta yi ƙasa ta yi sama, shiru kake ji. Ya sake dannawa har hularsa ta faɗi, ko ƙis. Motar nan akwai munafunci. In tana tsaye a gindin tsamiyar bariki sai ka rantse waliyyiya ce, amma da an hau hanya ta faɗa rami, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas ta tashi daga gaba, wajen tayar hagu.

Jiya abin ya fara a hanyar Araba, kwana biyu da isowarsu Illela rangadi. Di'o, Baturen da Halliru ke tuƙawa, mutum ne mai jure rana da sauro, amma ba ya jure ƙara. Ya faɗa da Hausarsa ta littafi cewa da la'asar zai ƙetara Konni gaida kwamandan Faransawa, kuma ba zai shiga garin mutane da mota tana kiɗan kalangu ba. In ba a gano ciwon ba kafin azahar, zai aika Sakkwato a turo wani direba. Shekara huɗu Halliru ya yi yana wankin taya kafin a ba shi sitiyari, kuma kaf Illela shi kaɗai ne ɗan gari mai jan mota. Gaskiya ya tsorata.

Ya bi abin daki-daki yadda aka koya masa. Ya sa jak ya ɗaga gaban, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ji ta daram. Ya bi ƙarafan sifirin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, ya kasa kunne ko zai ji muryar tsagagge, duk lafiyarsu lau. Ya ɗaure notin da bai nemi ɗauri ba, ya ɗura giris har inda ba a sa giris. Da ya sauke ta ya bi ta kan kunyoyin gonar bayan bariki, sai ta amsa masa da ƙwas-ƙwas ɗinta kamar ba a yi komai ba.

Inna Tasalla, mahaifiyarsa, tun hantsi take zaune a inuwa da ƙwaryar fura. Tsohuwar da ko akuya ta gifta sai ta tanka mata, yau bakinta gum.

"Auta, taho ka sha hura," in ji ta daga bisani.

"Bari, Inna. Aikina na shirin kuɓuce min."

"To, ƙaran ga, hana ta tahiya shika yi?"

"Ba shi hanawa. Bature na ba shi son shi."

"Shi ko mi ar ruwanai da ɗan ƙara?" Ta faɗa ciki-ciki, tana gyara faifan da ba abin da ya same shi.

Halliru ya tuɓe riga, ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashin motar. Ido ya gama nasa, saura hannu. Ya bi doguwar sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin gaba yana lalube ta bayanta, inda ko ƙadangare sai ya yi dabara. Can yatsansa ya taɓa zare. Ya ja a hankali, sai ga ƙahon rago ya leƙo yana lilo, an ɗinke bakinsa da jar fata irin na maganin tsari. Ya ɗan kaɗa shi ya bugi ƙarfen. Ƙwas!

Ya daɗe kwance yana kallon zaren. Kaɗin hannu ne, mai kauri a wani wuri siriri a wani, irin na tsohuwar da idonta ya fara gajiya. Dariya ta taso masa. Sai kuma tausayin Inna ya kama shi har ya manta da Bature.

"Inna."

"Na'am."

"Yaushe kinka shigo nan ƙasa?"

"Jiya da asuba, kuna masallaci. Gwiwata har yanzu ba ta yahe min ba." Muryarta ta sauka. "Yayyenka ukku na rufe da hannuna, Auta. Kai ɗai ka rage, kuma kullum kana cikin ƙarhe mai gudu awa iska. Mi kaka so in yi? In cirewa za ka yi, cire. Amma ka sani ba ni ƙara barci."

Halliru ya fito, ya yage hannun tsohuwar taguwarsa, ya yanko roba daga mataccen tib. Ya koma ya naɗe ƙahon kamar jinjiri, ya kwantar da shi jikin ƙarfen, ya ɗaure tamau. Sau uku ya bi ta kan kunyoyin nan, ba abin da ke tashi sai kukan inji.

Ana kiran azahar Di'o ya fito da hular kwano da sanda. Ya shiga, aka zagaya da shi, yana karkata kai kamar mai sauraron gulma. Da suka tsaya fuskarsa ta saki.

"Madalla, Halliru. Mene ne ya lalace?"

"Ranka shi daɗe, wani ɗan abu na yas saki, na ɗaure shi."

"Abu ne mai muhimmanci?"

Halliru ya saci kallon inuwar tsamiya. "Ƙwarai kuwa. In babu shi, ba a tahiya."

"To, lalle a nemi wani a ajiye saboda hanya." Di'o ya zaro fensir daga aljihu. "Ina ake samunsa? Kano ko Ikko?"

Kafin Halliru ya buɗe baki, Inna Tasalla ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa, ta aza ƙwaryarta a ka.

"Ce mai nan ƙauyen Lafani aka yin shi," in ji ta, ba ta ko dubi Baturen ba. "Amma shi aiko da sunan uwatai, in ba haka ba ba shi kamawa. Shi ma ai ɗan wata na."